Masaukin Karɓa-karɓa: Me Ya Sa Fita Daga Yarjejeniyar Ta Fi Shigarta Wuya?

A watan Yulin 2024 hukumar FBI da wasu sassa biyu na ma'aikatar kuɗin Amurka suka fitar da gargaɗin haɗin gwiwa ga bankuna game da wata damfara da ake shiryawa daga ƙasar Meziko. Alƙaluman FBI sun nuna cewa tsakanin 2019 da 2023 kimanin Amurkawa 6,000 ne suka kai ƙarar an cuce su kusan dala miliyan 300 ta wannan hanya. Abin lura shi ne, yawancin waɗanda aka cuta ba wani abu suke neman saya ba. Suna neman rabuwa ne da wani abu da suka riga suka mallaka, wato rabon da suke da shi a masaukin hutu na karɓa-karɓa, wanda a takardun yarjejeniya na Turanci ake rubuta shi da sunan timeshare.

Labarai kan wannan harka suna zuwa da fuska biyu, kuma shi ya sa suke rikita mai karatu. A gefe guda ana jin kotunan Sifaniya da Birtaniya sun soke yarjejeniyoyi ko sun sa an mayar wa mutane kuɗinsu. A ɗaya gefen kuma ana jin wani ya sa nasa a kasuwa kan dala 1 bai sami mai saye ba. Duka biyun gaskiya ne, kuma abin da yake raba su abu uku ne: tsawon lokacin da ya wuce tun da aka sa hannu, ko akwai sauran bashi a kan rabon, da kuma dokar ƙasar da take iko da yarjejeniyar.

Abin da ake saya

Tsarin yana da sauƙin bayani. Kamfani yana gina masauki a wurin shaƙatawa, sai ya raba amfanin kowane ɗaki gida 51 ko 52 daidai da makonnin shekara, ya sayar da kowane mako ga mutum daban. Mai saye yana biyan kuɗi mai kauri sau ɗaya, sannan kowace shekara yana biyan kuɗin ɗawainiya, wato kasonsa na gyara, albashin ma'aikata, inshora da haraji.

Iri biyu ne manya ta fuskar doka. Akwai wanda ake ba mai saye takardar mallaka, a rubuta sunansa a rajistar filaye a matsayin mai wani ɗan yanki na ginin, kuma wannan ba shi da ranar ƙarewa, har magada yana iya kaiwa. Shi ya fi yawa a Amurka. Akwai kuma wanda haƙƙin amfani kawai ake saya na wasu shekaru, ginin yana nan a hannun kamfani, kamar yadda aka fi yi a Meziko da kuma tsarin kulob na Birtaniya. Ta fuskar lokaci ma akwai bambanci: mako tsayayye wanda ba ya canzawa, mako mai yawo wanda sai an nema kowace shekara, da tsarin maki, inda ake ba mutum adadin maki ya kashe su a masaukan kamfanin daban-daban. Tsarin makin shi ne ya mamaye kasuwar a yau, kuma shi ya fi wuyar tantance darajarsa, domin mai saye ba ya iya nuna ɗaki ya ce ga nasa.

Harkar ta faro ne a Turai a shekarun 1960, da kamfanin Hapimag na Suwizalan wanda aka kafa a 1963 da kuma wani masaukin wasan ƙanƙara mai suna Superdévoluy a tsaunukan Faransa. Ta kafu a Amurka a shekarun 1970, lokacin da magina a jihar Fulorida suka rasa masu sayen gidajen da suka gina, suka ga cewa sayar da su mako-mako ya fi saurin shiga. Kamfanin RCI da aka kafa a 1974 ya kawo musayar makonni tsakanin masaukai, daga baya manyan sunaye suka shigo: Marriott a 1984, Disney a 1991, Hilton a 1992. A yau gidaje kusan miliyan 10 ne a Amurka suke da irin wannan rabo, a masaukai sama da 1,500.

Inda nauyin yake

Ana yawan ɗauka cewa kuɗin sayen shi ne matsalar, amma ba nan gizo ke saƙar ba. Alƙaluman ARDA, ƙungiyar kamfanonin wannan harka a Amurka, sun nuna cewa a 'yan shekarun nan matsakaicin farashin saye yana kusan dala 24,000, kuɗin ɗawainiya kuma ya haura dala 1,000 a shekara kuma yana ƙaruwa. Da yawa daga masu saye kamfanin ne yake ba su bashi a wurin, da kuɗin ruwan da ya saba kaiwa kashi 14 ko 15 cikin ɗari, wani lokaci ma fiye, domin bankuna ba sa karɓar irin wannan kadara a matsayin jingina yadda suke karɓar gida.

A ɗauki misali don a ga lissafin. Mutum ya sayi rabo kan dala 24,000, ya ba da 2,400 kafin alƙalami, sauran 21,600 kuma bashi ne na shekara 10 da ruwan kashi 15 cikin ɗari. Zai riƙa biyan kusan dala 350 kowane wata, jimillar abin da zai biya na sayen ya kai kusan 44,000. Idan kuɗin ɗawainiya ya fara daga 1,200 yana ƙaruwa da kashi 5 cikin ɗari duk shekara, a shekara 10 zai biya kusan 15,000. Ke nan makonni 10 na hutu sun ci kusan dala 59,000, ban da kuɗin jirgi da abinci. Bashin yana ƙarewa bayan shekara 10, amma kuɗin ɗawainiya ba ya ƙarewa, kuma da irin wannan ƙarin yana ninkawa cikin shekara 14 ko 15, daidai lokacin da mai shi ya yi ritaya, kuɗin shigarsa ya ragu, tafiya mai nisa kuma ta fara yi masa wuya.

Ban da wannan akwai kuɗin gyara na musamman, wanda ake ɗora wa masu rabo idan guguwa ta yi ɓarna ko rufi ya tsufa. Akwai kuma wani abu da ba a cika faɗa wa mai saye ba: idan wasu masu rabo suka daina biya, giɓin da suka bari kan waɗanda suke biya yake komawa. A tsofaffin masaukan da kamfanin da ya gina su ya daɗe da janyewa, wannan yakan zama zagaye mara ƙarewa, kuɗi ya tashi, ƙarin mutane su gudu, kuɗi ya sake tashi.

Wanda ya ga nauyin ya fi ƙarfinsa, abin da zai fara zuwa masa shi ne ya sayar, kuma a nan ne yake gano abin da ya saya. Kusan rabin farashin da kamfani yake karɓa yana tafiya ne a talla, la'adar masu sayarwa da kyaututtukan da ake jawo mutane da su zuwa zaman tallar, zaman da ake cewa na minti 90 ne amma yakan ɗauki awoyi, a ƙarshe a ce rangwamen na yau ne kaɗai. Wannan rabin ya tafi tun ranar sa hannu. Sauran kuma dole ya yi gogayya da dubban masu neman sayar da nasu, da kuma shi kansa kamfanin, wanda yakan hana mai sayen na-hannu wasu alfarmomin da yake ba wanda ya saya daga wurinsa. Shi ya sa ake ganin rabo a shafin saye da sayarwa na eBay kan dala 1, wani ma mai shi ya yi alkawarin biyan kuɗin canja suna da na ɗawainiyar shekara guda. Akwai 'yan kaɗan da suke riƙe daraja, kamar na Disney da wasu makonni na Marriott da Hilton a wurare masu farin jini, amma ba su ne yawancin kasuwar ba. A taƙaice, fita daga wannan yarjejeniya na nufin samun wanda zai yarda ya ɗauki biyan kuɗin shekara-shekara, ko kuma hukumar da za ta ce wajabcin ya faɗi.

Ƙofar da take buɗe na 'yan kwanaki

Hanya mafi tsabta ita ce janyewa cikin kwanakin da doka ta ware bayan sa hannu, wanda ya yi kama da abin da malaman fiƙihu suke kira hiyari, wato zaɓin fasa ciniki cikin wani wa'adi. A Amurka kusan kowace jiha da nata: Fulorida kwana 10, Kalifoniya da Hawai kwana 7, Nebada kwana 5. A Meziko kwanakin aiki 5 ne. A Tarayyar Turai dokar 2008 ta ba da kwana 14, ta kuma haramta wa mai sayarwa karɓar ko sisin kwabo kafin kwanakin su cika, kuma Birtaniya ta shigar da wannan cikin ƙa'idojinta na 2010, waɗanda suke aiki har bayan ficewarta daga Tarayyar.

Ba a bukatar dalili don janyewa, amma ana bukatar bin ƙa'ida daidai. Dole ta kasance a rubuce, a aika ta zuwa adireshin da yarjejeniyar ta ambata, ta hanyar da za ta bar shaidar ranar aikawa. Kiran waya ga wanda ya sayar ba janyewa ba ne, kuma sau da yawa yana ƙarewa ne da sabon tayi da zai cinye sauran kwanakin. Matsalar wannan ƙofa ita ce yawancin masu saye suna cikin hutu lokacin da suka sa hannu, kafin su koma gida su zauna su karanta takardun wa'adin ya wuce.

Bayan wa'adin ya wuce

Abu na farko da hukumomin kare masu sayayya suke ba da shawara shi ne a tuntuɓi kamfanin ko kwamitin masaukin kai tsaye. Manyan kamfanoni sun buɗe shirye-shiryen karɓar rabo daga masu son mayarwa: Wyndham yana da Certified Exit, Holiday Inn Club Vacations yana da Horizons, Westgate yana da Legacy, Diamond kuma ya kafa Transitions bayan sulhun dala 800,000 da ya yi da babban lauyan jihar Arizona a 2016 kan zargin yaudara wajen talla. Sharuɗɗan kusan iri ɗaya ne: a gama biyan bashin saye, kada a bi mutum kuɗin ɗawainiya, wani lokaci ya biya kuɗin aikin takardu, kuma kada ya sa ran za a ba shi komai. Kamfani yana da ikon ƙin karɓa, kuma yakan fi sauraron wanda ya kawo shaidar rashin lafiya, rasuwar abokin zama ko rasa aiki.

Wannan sharaɗi na gama biyan bashi shi ne ya raba masu rabo gida biyu. Wanda ya gama biya yana da zaɓi: ya mayar, ya sayar da arha ta hannun dillali mai lasisi wanda sai ciniki ya faɗa yake karɓar la'ada, ya ba da kyauta ta dandalin masu rabo irin su TUG ko RedWeek, ko ya riƙa ba da hayar makonsa don rage nauyin kuɗin shekara. Wanda bashi yake kansa kuwa kusan duk waɗannan ƙofofin a rufe suke gare shi, domin ba wanda zai karɓi rabon da bashinsa ya ninka darajarsa sau da yawa. Abin da ya rage masa shi ne ya nemi bashi mai sauƙin ruwa ya biya na kamfanin, ko ya nemi sassauci, ko ya duba ko akwai keta doka a yadda aka sayar masa.

Wajen kyauta ko sayarwa akwai abin kiyayewa guda: har sai an canja suna a rajista kuma masaukin ya amince da sabon mai shi, tsohon mai shi ne ake bi. An sha samun masu karɓar kuɗi su mayar da rabon ga wani kamfanin bogi da ba shi da ko anini, masaukin ya ƙi amincewa da canjin, takardar neman biya ta ci gaba da zuwa wa mutumin da yake zaton ya rabu da ita.

Hanya ta ƙarshe ita ce daina biya, kuma sakamakonta ya danganta da wuri. A Amurka kamfani yakan miƙa bashin ga masu karɓar bashi, sannan ya ƙwace rabon, abin kuma ya zauna a tarihin bashin mutum har shekara 7, wanda yake shafar samun hayar gida, bashin mota ko na sayen gida. A Fulorida, inda masaukan suka fi yawa, doka ta ba da damar ƙwacewa ba tare da zuwa kotu ba, kuma idan mai rabo bai ƙalubalanci wannan hanya ba, ba za a bi shi sauran bashin da kuɗin gwanjon bai rufe ba. A wasu jihohin ana iya binsa. Haka kuma bashin da aka yafe hukumar haraji ta Amurka tana iya lissafa shi a matsayin kuɗin shiga. Saboda haka dattijon da ba ya shirin sake neman bashi da matashin da yake shirin sayen gida ba asara ɗaya suke fuskanta ba, ko da rabonsu iri ɗaya ne.

Abin da kotuna suka yi, da iyakarsa

Sifaniya ce ta fi shahara a wannan fanni. Dokarta ta 1998, wadda ta fara aiki a watan Janairun 1999, ta ce irin wannan yarjejeniya ba za ta wuce shekara 50 ba, amma kamfanoni da dama suka ci gaba da sayar da ta har abada. A watan Janairun 2015 kotun ƙolin ƙasar, a shari'ar da ta shafi masaukin Anfi na tsibirin Gran Kanariya, ta yanke cewa yarjejeniyar da aka ƙulla bayan dokar ba tare da ranar ƙarewa ba ɓatacciya ce. Hukunce-hukuncen da suka biyo baya sun soke na mako mai yawo da bai fayyace ɗaki da lokaci ba, suka kuma sa a mayar da ninki biyu na kuɗin da aka karɓa cikin kwanakin janyewa. Kotu takan cire shekarun da aka mora daga cikin 50, wato wanda ya biya yuro 20,000 ya yi amfani da shi shekara 10 zai sa ran 16,000. Sai dai cin shari'a daban, karɓar kuɗi daban, domin wasu kamfanonin da aka ci sun shiga karayar arziki, masu hukunci a hannu suka shiga layin masu bin bashi. A 2025 kuma majalisar dokokin ƙasar ta yi gyaran da ya sa wa'adin shekara 5 ga shigar da irin wannan ƙara.

A Birtaniya hanyar ta bi ta bankuna ne. Dokar bashin masu sayayya ta 1974 ta ɗora wa mai ba da bashi alhaki tare da mai sayarwa idan an yi ƙarya a cinikin da farashinsa ya haura fam 100 bai wuce 30,000 ba, ta kuma ba kotu ikon warware dangantakar bashi da ba ta da adalci. A watan Mayun 2023 babbar kotu a Landan, a ƙarar da bankin Shawbrook da wani reshen Barclays suka shigar kan ofishin sasanta ƙorafin harkokin kuɗi, ta goyi bayan ofishin a kan cewa sayar da rabo da sunan zuba jari ya saɓa wa ƙa'idojin 2010, kuma hakan yana iya sa a warware bashin. Kai ƙorafi wannan ofishi kyauta ne, ba ya bukatar ɗan tsakani.

A Amurka lamarin ya fi tsauri. Yawancin yarjejeniyoyin suna ɗauke da sakin layi da yake cewa mai saye bai dogara da wata magana ta baki ba, da wani kuma da yake tilasta sulhu a gaban mai sasantawa maimakon kotu. Ke nan romon bakan da aka yi wa mutum a zaman talla, cewa darajar za ta tashi ko kamfani zai saye idan ya gaji, yana da wuyar tabbatarwa idan babu shi a rubuce.

Masu sayar da hanyar fita

Ƙuncin masu rabo ya haifar da wata sana'a ta daban, ta kamfanonin da suke alkawarin fitar da mutum idan ya biya dubban daloli tun farko. A 2020 babban lauyan jihar Washinton ya kai ƙarar Reed Hein, wanda aka fi sani da Timeshare Exit Team, kan zargin karɓar kuɗi da alkawarin mayarwa idan aiki bai yiwu ba alhali mutane da yawa ba su fita ba kuma ba su ga kuɗinsu ba, a 2021 kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 2.61. A watan Nuwamban 2022 hukumar kasuwanci ta tarayya, FTC, da jihar Wiskonsin suka shigar da ƙarar wani rukunin kamfanoni da suka ce sun karɓi sama da dala miliyan 90, akasari daga tsofaffi. Dabarar da ta fi yawa ita ce a ce wa mutum ya daina biya kuma ya daina magana da masaukin, a jira a ƙwace rabon, sannan a ce masa an fitar da shi, wato ya biya kuɗi don abin da zai faru ko da bai biya kowa ba.

Ta Meziko ta fi wannan muni. Ma'aikatar kuɗin Amurka, wadda ta fara sa takunkumi kan masu hannu a ciki tun 2023, ta danganta ta da ƙungiyar masu fataucin miyagun ƙwayoyi ta CJNG da cibiyoyin kiran waya a yankin Puerto Vallarta. Ana kiran mai rabo a ce an sami mai saye da farashi mai tsoka, sai dai a fara tura kuɗin haraji ko na takardu. Idan ya tura, wani kuɗin ya taso. Idan ya gane an cuce shi, sai wasu su kira da sunan lauyoyi ko jami'an gwamnati masu ƙwato masa haƙƙinsa, su ma da nasu kuɗin. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Alamar da ta haɗa dukkan waɗannan ita ce kiran da mutum bai nema ba da neman kuɗi kafin aiki.

Matsayin ɓangarorin

Kamfanonin suna cewa yawancin masu rabo sun gamsu, suna kafa hujja da binciken ra'ayi da ƙungiyarsu take ɗaukar nauyi, kuma suna cewa abin da suke sayarwa hutu ne da aka biya tun gaba, ba jari ba, don haka auna shi da farashin sake sayarwa kuskure ne. Suna ƙara da cewa idan aka bar kowa ya ajiye rabonsa lokacin da ya ga dama, nauyin ginin zai faɗa kan waɗanda suka rage, kuma wannan hujja tana da ƙarfi, musamman a ƙananan masaukan da masu rabo ne da kansu suke gudanarwa. Iyalin da suke zuwa wuri ɗaya kowace shekara, suka kuma sayi nasu a kasuwar na-hannu da arha, suna iya cin riba da tsarin.

Masu kare haƙƙin masu saye suna amsawa da cewa maganar hutu ce a takarda amma maganar jari ce a bakin mai talla, kuma wajabcin da ba shi da ranar ƙarewa kuma ba shi da hanyar ajiyewa bai dace da cinikin da aka ƙulla cikin awa uku ana matsa wa mutum lamba ba. Suna nuna cewa rabon da kamfani ya karɓa kyauta yana sake sayar da shi da cikakken farashi. Hukumar kare masu sayayya ta Afirka ta Kudu, bayan binciken da ta fara a 2017, ta karkata ga wannan ra'ayi a rahotonta na 2018, inda ta ba da shawarar a mayar da yarjejeniyoyin masu ƙayyadadden wa'adi. Kamfanonin fitarwa su kuma suna cewa ba don masaukai suna rufe ƙofa ba da ba a neme su ba, wanda gaskiya ne game da asalin sana'ar tasu, ko da yake bai wanke waɗanda suka karɓi kuɗi ba su yi aiki ba.

Magada

Tsoron bar wa 'ya'ya alaƙaƙai yana cikin abin da masu talla da masu fitarwa duka suke amfani da shi. A dokar Amurka bashin mamaci daga dukiyar da ya bari ake biyansa, kuma magaji yana da ikon ƙin karɓar rabon a rubuce, galibi cikin wata 9 da rasuwar, muddin bai riga ya yi amfani da shi ba. Wanda ba shi da wannan mafita shi ne ɗan da iyayensa suka sa sunansa a takardar mallaka tun suna raye, domin shi ba magaji ba ne, mai rabo ne.

Inda lamarin ya taɓa mai karatun Hausa

Mutanenmu da suke zaune a Amurka da Birtaniya suna cikin waɗanda ake gayyata zaman talla a Orlando, Las Vegas ko gaɓar tekun Sifaniya, kuma duk abin da aka faɗa a sama ya shafe su kai tsaye. Matafiya daga gida kuma sukan ci karo da tayin a Dubai, wadda ta yi wa harkar doka ta musamman a 2020. Ga mai samun kuɗinsa da naira akwai ƙarin haɗarin da Ba'amurke ba ya fuskanta: a watan Mayun 2023 dala tana kusan naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500, wato kuɗin ɗawainiya na dala 1,200 ya tashi daga kusan naira 550,000 zuwa miliyan 1.8 ba tare da masaukin ya ƙara ko kwabo ba. Mai samun sefa a Nijar ko Kamaru yana da sauƙi idan kuɗin da yuro ake biya, tun da sefa a ɗaure take da yuro, amma ba idan da dala ne ba.

Tsarin ya isa Makka ma, inda kamfanin Munshaat na Kuwait ya sayar da takardun haƙƙin amfani da ɗakunan hasumiyar Zamzam da ke daf da Harami na tsawon shekara 24. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Putrajaya a Maleshiya a 2007, ta halatta mallakar karɓa-karɓa ko ta hanyar sayen kaso a cikin ginin ko ta hanyar hayar amfaninsa, da sharaɗin a san kadarar da lokacin, ta kuma bambanta babban gyara, wanda a haya yake kan mai ginin, da ɗawainiyar yau da kullum da za a iya shardanta wa mai haya. Halaccin asalin cinikin bai shafi bashin ruwan da ake haɗa shi da shi a Amurka da Turai ba, wanda hukuncinsa daban ne, kuma tsarin makin da ba ya nuna ɗaki ko mako yana da tambayar da mai saye zai kai wa malami kafin ya sa hannu, don gudun cinikin biri a sama.

Wanda ya riga ya shiga kuma yake zaune a Kano, Maraɗi ko Kumasi, yarjejeniyarsa tana ƙarƙashin dokar ƙasar da aka ambata a cikinta ne, wadda galibi ita ce ƙasar da ginin yake ko inda kamfanin ya yi rajista. Lauyan da zai iya yi masa aiki shi ne mai lasisi a can, wanda ana iya tabbatar da sunansa a rajistar ƙungiyar lauyoyin wurin, kuma takardun da zai fara nema su ne yarjejeniyar kanta, ranar sa hannu, shaidar duk kuɗin da aka biya da ranakunsu, da duk wani saƙo ko takardar talla da aka ambaci riba ko alkawarin sake saye a ciki.